Azumin da Muka Jiƙa Bindigar Yaya Garba

Azumin bana ya same ni a Whalley Range, cikin Manchester, a saman wani tsohon gida da aka yanyanka aka mayar flat-flat. Ɗakina da ɗumi. In na murɗa wani ɗan abu a bango sai ƙarfen ɗumama ɗaki ya ɗauki zafi, ba sai na laluba aljihu ina neman abin da zan ciyar da mitar wuta ba. Labarin ganin wata kuwa a waya ya same ni, daga wurare daban-daban, kowa da ranar da ya tsayar. Abin da bai canja ba shi ne hasken la'asar na wannan ƙasa, mai kama da ruwan wankin shinkafa, da yadda duhu ke faɗowa tun mutum bai gama jin yunwa ba. Azumi yana zagaya shekara a hankali, ya ratsa zafi ya ratsa sanyi, sai mutum ya yi furfura kafin ya dawo inda ya bar shi. Yanzu ya kusa komawa daidai inda ya same mu a shekarar da muka jiƙa bindigar Yaya Garba.

A lokacin ina zaune a Hulme, nan cikin Manchester, ban daɗe da barin aikin jirgin ruwa ba. Gidajen council ne, na hukuma, masu danshi, bango yana zufa, baƙin tabo yana hawa kusurwa kamar ana shuka shi. Aiki ya yi wuya a shekarar. Ina gadi a wani sito kwana uku a mako, sauran kwanakin ina zaune da kwat a jikina cikin ɗaki. Sahur shayi ne da burodi, wani lokaci da ƙwai. Azumin gajere ne, ba a jin ƙishi ko kaɗan, amma sanyi yana cin abincin da ke cikin mutum tun kafin azahar, sai ka ji yunwar ta koma cikin ƙashi. Ruwa kuma ba ya sauka kamar da bakin ƙwarya irin namu ya wuce. Yayyafi ne siriri, ya kwana ya wuni, ya shiga takalmi, ya shiga wuyan riga.

Ƙasar gaba ɗaya maganar bindiga take yi. An yi wani mummunan abu a wata makarantar ƙananan yara, wanda har yau ba na son in faɗe shi da bakina, kuma mai lasisin bindiga ne ya aikata. Daga nan hukuma ta ce za ta karɓe ƙananan bindigogi daga hannun mutane, 'yan sanda kuma suka ce duk mai ajiye da wata ba bisa ƙa'ida ba ya kawo, ba za a kama shi don ya ajiye ba. A talabijin gardama, a bas gardama, a masallaci bayan tarawihi gardama. Ni dai dariya nake yi a raina. Na sauka a tashoshin jiragen ruwa da yawa. Na ga garin Larabawa inda saurayi ba ya jin ya cika mutum sai da bindiga a kafaɗa, har wurin shan shayi. Na ga kanti a Amurka inda ake sayar da ita kusa da ƙugiyar kamun kifi. Na ga inda sojoji suka bi gida-gida suna karɓa da duka, mutane suka binne nasu a gona. Ban taɓa ganin inda aka ce wa mutum kawo, ya ɗauko da ƙafarsa ya kai ba. Na ce wannan ma surutu ne.

Ana tsakiyar azumi Yaya Zulai ta kira ni daga Birmingham. Ita ce babbar yayata, ita ta goye ni. Mijinta Yaya Garba yana da ɗan kanti a Small Heath, suna sayar da shinkafa, man ja, busasshen kifi, madara da burodi, suna kwana a bayan kantin da samansa.

Ta ce, "Haruna, ka zo. Mutumin naka ya ɗura ta."

Ban tambaye ta me ya ɗura ba. Duk danginmu sun san bindigar. Ta toka ce, ƙirar maƙerin garinsu, doguwa, ta kusa kai masa kafaɗa, da layu biyu ɗaure a gindinta. Gidan su Yaya Garba gidan maharba ne, kuma a ƙauyensu su ne masu harba bindiga in an ga watan azumi da na Sallah. Ba wanda ke ɗaukar niyya sai ya ji ƙarar daga gidansu. Da mahaifinsa ya rasu, ya je ya dawo da ita ta ruwa, a wargaje, cikin akwatin ƙarfe tsakanin tukwane da tabarmi, a zamanin da ba a tsananta bincike ba. Shekara da shekaru tana bayan kabad. Duk ganin wata sai ya ɗauko ta, ya shafe ta da mai, ya tsaya a taga ya ja kunamar ba komai a ciki, ta ce ƙas, ya ce, "To, an ga wata." Yara su yi dariya, a mayar da ita. Ni kuwa, da yake ƙanin matarsa ne, akwai wasa tsakaninmu, nake kiransa Sarkin Bakan Small Heath.

Abin da ya faru shi ne, a farkon azumin wasu samari biyu sun shigo kantin dab da magariba, sun rufe kai da hular riga. Ɗaya ya ɗora wa Yaya Zulai ƙaramar bindiga a goshi, ɗaya ya kwashe abin da ke cikin akwatin ciniki. Yaya Garba yana tsaye da buhun shinkafa a hannu, bai iya yin komai ba. 'Yan sanda sun zo, sun yi tambayoyi da ladabi, sun tafi. Bayan kwana biyu ya bi maƙwabta yana tambayar ko akwai ragowar kayan wasan wuta, irin waɗanda Turawa ke harbawa sama a farkon sanyi. Suna tsammanin yara zai ba. Ya zauna ya farke su ɗaya bayan ɗaya ya tara garin albarushin, ya ɗura wa bindigar da ba ta ga wuta ba tun kafin a haifi babban ɗansa, ya kwantar da ita ƙarƙashin kantar ciniki.

Na hau doguwar bas da safe. Duk hanya gonaki ne jiƙaƙƙu da tumaki tsaye cikin ruwa kamar an hukunta su. Na isa da azahar, ƙafafuna sun mutu.

Yaya Garba ya ɗago daga bayan kanta ya ce, "A'a, ɗan jirgi! An kore ka daga Manchester ne?"

"Na zo gaishe da Sarkin Baka. An ce an fita farauta, har an fara kama burodi."

Bai yi dariya ba. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Kantin da sanyi kamar cikin firji, domin sun kashe hita, kuma ƙwan lantarki ɗaya kawai suke kunnawa can ciki, saboda abin da ɓarayin suka ɗauka shi ne na biyan wuta. Gilashin ƙofa ya yi hazo, ba ka ganin na waje sai inuwarsa.

Kwana uku na yi ina fama da shi. Da asuba Yaya Zulai ta dafa mana shayi, mu ci tuwon semo da ya kwana da miyar kuka, kukar da take auna wa da ƙaramin cokali don ta kai mu Sallah. In gari ya waye, shi kuma ba ya wayewa sai ya ga dama, mu buɗe kanti, mu shigo da madara, in share, shi ya jera kaya. Masu saye 'yan kaɗan ne, Pakistanawa, Somalawa, da wata tsohuwar Baturiya mai sayen gwangwanin abincin kyanwa. Tsakanin mai saye da mai saye sai mu koma kan maganar.

Na ce, "Yaya Garba, in aka kama ka da wannan abu ɗure, kurkuku ne. In ka fito su sa ka a jirgi."

"Su sa ni. Ka san abin da ake ji a ɗora wa matarka ƙarfe a goshi kana kallo? Ni, ɗan gidan maharba, da buhun shinkafa a hannu kamar ɗan dako?"

"Wannan harba-ka-ruga ɗin? Ta yi tsatsa a ciki. Kai za ta fara ci."

"Kai dai ka iya Larabci da Faransanci, amma ba ka san bindiga ba. Hukumar da ke son ta karɓi tawa, ta zo ta tsaya mini a bakin ƙofa. Za ta zo? Za su zo bayan an gama, su ce sorry, Mister Garba. Ɓarawo zai kai tasa police station? Masu gaskiya kaɗai za a bari tsirara."

Na faɗa masa abin da na gani a ƙasashen da kowa ke da ita, yadda faɗan da a nan zai ƙare da fasa baki, a can yake ƙarewa da makara. Ya ce wannan matsalarsu ce, su ba a koya musu ba, shi an koya masa tun yana shekara goma cewa ba a nuna wa mutum bakinta ko da wasa. Yaya Zulai ba ta sa baki. Sau ɗaya kawai ta ce, tana yanka albasa, "Ni da aka ɗora wa, ban ce a rama mini ba."

Rana ta uku ruwan ya haɗu da iska. Da la'asar Yaya Zulai ta fita ta ƙofar baya zuwa gidan wata maƙwabciya, Maman Rifkatu, mutuniyar Jos, wadda ba ta azumi amma duk shekara sai ta dama mana kunun gyaɗa. Ba mu san ta fita ba. Ba mu kuma san ta ɗauki babbar kwat ɗin Yaya Garba mai hula ba, don tata ta jiƙe tun safe ba ta bushe ba. Da za ta dawo, iska ta rufe ƙofar bayan, sai ta zagayo ta titi.

Duhu ya fara. Daidai irin lokacin da samarin nan suka zo rannan ke nan. Muna zaune da yunwa, ina kallon dabino uku a faranti. Sai inuwa ta tsaya a gilashin ƙofa, ƙatuwa, kai a rufe, hannu biyu a ɓoye cikin riga. Aka bangaje ƙofar da kafaɗa, iska ta buga ta da bango.

Ban ga lokacin da ya sunkuya ba. Na dai ga dogon bakin nan ya taso daga bayan kanta, ya miƙe, ya tsaya cak ba ya rawa. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, yadda hannun bai yi rawa ba. Abin da aka koya masa yana yaro yana nan a jikinsa, bai tsufa ba.

Inuwar ta tsaya tana ɗigar da ruwa. Sannan a hankali ta buɗe gaban kwat ɗin, ga kwanon sha a rungume, tururi yana tashi.

Ta ce, "Malam, kunu ne."

Can sai ta tura hular baya da kafaɗa, ta dube shi, ta dubi bakin bindigar, ta ce, "Sau biyu ke nan a wata ɗaya. Na farkon dai ban san shi ba."

Ta wuce ta gabansa ta ajiye kwanon a kan kanta, ta ɗauko kofuna. Lokacin shan ruwa ya yi. Na ci dabino ban ji ɗanɗanonsa ba. Yaya Garba ya sauke bindigar, ya kurɓi ruwa, ya yi salla. Da ya sallame bai taɓa kunun ba, ya ɗauki bindigar ya hau sama, ya ce in biyo shi.

Bindigar toka ba kamar ta zamani ba ce da za ka buɗe ka zare harsashi. In an ɗura ta, hanyar da maharbi ya sani ita ce ya harba. A Small Heath kuwa babu dajin da za a harba. Sai ya cire abin da ke tayar da wutar, ya toshe bahon wanka, ya sake ruwan sanyi, ya kwantar da ita ciki kamar mai wankan gawa. Layun kaɗai ya kwance ya sa a aljihu. Muka durƙusa a gefen bahon, ruwan yana cizon yatsu, muna ɗaga ta muna cika bakinta muna girgizawa. Da farko ba abin da ya fito. Sannan ruwan ya fara yin baƙi, wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika banɗakin. Ya miƙar da wayar rataye kaya ya dinga zaƙulo tsumma da guntayen ƙarfe, suna faɗawa cikin bahon suna ƙara. Na ƙirga su da ido na daina, don kowane ɗaya ina ganin inda zai shiga a jikin yayata.

Yaya Zulai ta leƙo ta ce, "In kun gama yi wa amaryar wanka, ku wanke mini bahona."

Washegari muka naɗe ta cikin tsohon labule. Ba ta shiga jaka, ba ta shiga ƙarƙashin kwat. Mijin Maman Rifkatu ya kai mu a tasinsa, bakin bindigar yana leƙe tsakanin kujeru, yana ta cewa, "Don Allah ku juya ta ta kalli waje, ina da yara."

Abin da na gani a ofishin 'yan sanda shi ne abin da ya sa nake wannan rubutu. Layi ne. Layi irin na gidan waya, ya fito har waje cikin yayyafi. Dattawa da huluna, wata mata da lema, wani da ɗan akwatin katako mai kyau a rungume, wani da abu a cikin jakar cefane. Kowa da bindiga, kuma kowa yana jiran a zo kansa. Ba soja, ba bulala, ba wanda ya tsallake wani. Mai karɓa a ciki mace ce, ƙarama, ba ta da ko wuƙa a ɗamararta. Na tsaya ina kallo, ruwa yana bin wuyana, na manta ina jin sanyi. Na yi yawo a duniya gwargwado, na ga manyan masallatai, na ga teku ta tashi kamar dutse, amma ban taɓa ganin abin da ya ɗaure mini kai kamar wannan layin ba.

Mai akwatin katakon yana gabanmu, tsoho ne ja, gashin bakinsa fari. Ya dubi labulenmu ya tambaya ko igwa muka kawo. Yaya Garba ya buɗe masa gefe. Tsohon ya yi fito da baki, ya shafa gindinta, ya tambayi wanda ya ƙera. Sannan ya buɗe nasa akwatin. Ƙaramar bindiga ce ta wasan harbin allo, tana kwance cikin koren ƙyalle, tana sheƙi. Ya ce tun yana saurayi yake harbi da ita a kulob ɗinsu, bai taɓa nuna wa ko tsuntsu ba. Ya ce dokar nan zalunci ce, an hukunta shi kan laifin wani, kuma ɓarayi ba za su zo wannan layin ba.

Yaya Garba ya dafe ni. "Ka ji ko? Ɗan jirgi, ka ji? Abin da nake faɗa maka ke nan! Ga Bature ma ya faɗa."

Sai ya juya ya tambayi tsohon, da Turancinsa na kanti, to me ya kawo shi?

Tsohon ya ɗaga kafaɗa. Ya ce ya yi gardama iyakar ƙarfinsa, ya je taro, ya yi magana, an rinjaye su. Ya ce yana da jika mai shekarun yaran makarantar nan, kuma har yanzu yana ganin shi ke da gaskiya. Ya rufe akwatin, layi ya matsa, shi ma ya matsa. Da aka zo kansa ya miƙa da hannu biyu, ya juya da sauri ya fita, bai sa hularsa ba har ya shiga cikin ruwan.

Da muka warware labulen a kan tebur, 'yar sandar ta kira abokan aikinta su zo su gani. Suka kewaye ta. Ɗaya ya tambaya ko tana aiki. Yaya Garba ya ce jiya ma ta kusa. Ba su gane ba, suka yi dariya. Ya tambaya me za a yi da ita, aka ce narkarwa. Ya gyaɗa kai, ya ɗora tafin hannunsa a kanta ɗan lokaci, bakinsa yana motsi, ina jin mahaifinsa yake yi wa addu'a. Muka fito da labule a naɗe a hammata.

Muna cikin mota, mun kusa gida. Sai Yaya Garba ya ce, "Kada ka ɗauka ka ci gardama."

Na ce, "Ni na isa, Sarkin Baka?"

"Bar kirana haka."

Na bari, har yau.

Yana nan da ransa, ya tsufa ƙwarai, kantin ya zama na masu gyaran waya. Yaya Zulai ta riga mu, Allah ya ji ƙanta. An sake shiga kantin sau ɗaya bayan wancan azumin, da wuƙa, aka ɗauki abin da aka ɗauka, ba a taɓa kowa ba. Kuma bai canja ra'ayi ba. Duk lokacin da labari ya zo daga gida cewa 'yan bindiga sun shiga wani ƙauye kusa da nasu, sai ya kira ni, ya ce da yana can da ba zai ba kowa tasa ba, ko hukuma ko uban hukuma. Ni kuma ba na ce masa ba shi da gaskiya, domin can babu 'yar sandar da za ka miƙa wa ka koma gida ka yi barci. Jikokinsa da nawa, waɗanda aka haifa a nan, in suka ji muna wannan magana sai su ce, "Grandad, that's mad," su koma kan wayoyinsu. Ba su taɓa jin warin albarushi ba.

Shi ne na ƙarshe a gidansu da ya iya ɗura bindiga. Yana da 'ya'ya maza uku, bai koya wa ko ɗaya ba, kuma ba wanda zai koya musu yanzu.